Daga katin Zaɓi Sonka zuwa kiran waya: waiwaye kan mai sauraro a Zariya

Mutumin Zariya ba ya sauraron rediyo baki rufe. Ko a teburin mai shayi a Tudun Wada ko a zauren dattijo cikin birni, mai gabatarwa na magana ana mayar masa da amsa kamar yana zaune a kan benci. Wannan ɗabi'a ta daɗe.

A 1962 gwamnatin Sardauna ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna, wanda bangaren rediyonsa ya koma ƙarƙashin Rediyon Tarayya a 1978. Na'urar watsa shirye-shiryensa tana Jaji, kan hanyarmu ta zuwa Kaduna, don haka murya tangaran take iso mana. BBC Hausa ta riga shi tun 1957, amma ita ta labarin duniya ce. Kaduna ita ce ta gida.

A wancan zamani kati ne bakin mai sauraro. Ka saya, ka jero sunayen 'yan uwa da abokai har ba sauran fili, ka kai gidan waya a Sabon Gari, sannan ka yi ta kasa kunne mako biyu ko uku. Ranar da aka karanta sunanka a Zaɓi Sonka, shirin gaishe-gaishe na rediyo, unguwa ta ɗauka. In kuwa mai gabatarwa ya karya maka suna, wasiƙar ƙorafi na nan tafe. Ina iya tuna kakana yana shanya batir a rana don kada akwati ta mutu masa ana tsakar shiri.

Wasan kwaikwayo kuwa shi ya fi kama zuciya. Samanja na marigayi Usman Baba Pategi, da Hausarsa ta bariki, har yara suna kwaikwayonsa a makarantar allo. Matan gida sukan yi ta tsine wa mugun cikin wasa, washegari a kai muhawarar bakin rijiya.

Dokar 1992 ta ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi, wayar salula ta shigo a 2001, jira ya ƙare. Yau da Queen FM da tashar Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, mutum na iya kira nan take a ji muryarsa daga Kwangila. Wannan ci gaba ne, ba na musu.

Sai dai ƙorafin ya sauya kama. Dattawa na kukan Ingausar matasan masu gabatarwa, masu kira na kukan a katse su kafin su kai aya, fili mai tsoka kuma ya koma hannun sojojin baka da 'yan siyasa suka biya wa kuɗin iska. Abin da ya fi ci mini rai shi ne wasan kwaikwayo. Yana cin kuɗi: marubuci, 'yan wasa, gwaji. Shirin kiran waya kuwa mutum ɗaya da layi ɗaya sun isa. Shi ya sa a yawancin tashoshi yanzu sai wata ƙungiya ta ɗauki nauyi, kan rigakafi ko zaɓe, kafin a ji wasa.