Dokar ruwan da ba na sha ba a sababbin gine-gine: me ta ce, kuma ya za ta zauna a Kano?

Jama'a abin nan yana damuna, ruwan da aka kashe kuɗi aka tace a Tamburawa ko Challawa, ko wanda ɗan garuwa ya turo a kura da guminsa, shi muke sheƙawa a masai kuma shi muke ba fulawa. To akwai garin da suka yi wa wannan doka, San Faransisko a jihar Kalifoniya ta Amurka, inda fari ke yawan addabarsu.

A 2012 suka fara, lokacin ganin dama ne, in kana so a baka izini. A 2015 suka mayar da shi dole ga duk sabon gini mai faɗin ƙafa murabba'i 250,000 zuwa sama, sai a 2021 suka sauko da shi zuwa 100,000, wato wajen mita murabba'i 9,300 in an haɗa duk benayen. Kaga kenan ba ruwansu da mai ɗaki biyu da falo, manyan masu gini aka kama.

Abin da dokar ta 2015 tace shine ka tara ruwan wanka da na wanki da ruwan sama da ke sauka a rufi, ka tace shi nan cikin ginin, sannan ka mayar dashi korar bayan gida da ban ruwan shuke-shuke. Bututunsa daban ne, launin shunayya, da rubutu cewa ba na sha bane, kuma hukumar lafiya ce ke bada lasisi tana bin sawun gwajin ruwan don kar wani mai gyaran famfo ya haɗe layin biyu mutane su sha cuta.

Dalilin da yasa suka ce sababbin gini kawai, ai in an riga an yi filasta an sa tayil ba wanda zai yarda ya fasa bango don layi na biyu, amma tun a zane kuɗin bai kai haka ba. Nan ne nake ganin KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, na da dama, tunda dama sai ta sa hannu a zane kafin a sa bulo. Duk mai gina rukunin gidaje irin su Kwankwasiyya da Amana, ko otal ko babbar kasuwa, a ce sai ya nuna layi biyu da tankin ƙasa. Yanzu kowa bohol yake haƙawa, rijiyoyin maƙwabta suna ƙafewa da bazara, da damina kuma ruwan ya cika kwata ya shiga gidajen mutane, wallahi asara ce biyu. Ga kuma ruwan alwala na masallatan Juma'a da ko sabulu babu a cikinsa, yana bin lambatu kullum sau biyar.

Amma fa ba za mu kwafo ta yadda take ba. Mu da buta muke shiga bayi, kuma ruwan da sabulu ya canza wa launi ko ƙamshi ba a tsarki dashi a wajen malamanmu na Malikiyya, don haka dole dokar ta fayyace cewa famfon cika buta daga layin ruwa mai kyau yake, shunayyan layin kuwa tankin masai kaɗai zai shiga. Sannan injin tacewa wuta yake ci, in ba a wajabta sola da wanda zai riƙa kula dashi ba, wata shida tankin zai koma gidan sauro da wari a tsakiyar unguwa.