Sarƙa da faifai mai haƙora a cikin inji

Sarƙa da faifai mai haƙora hanya ce ta kai ƙarfin juyi daga wani sashe na inji zuwa wani mai ɗan tazara. Faifai biyu ne, mai ja da wanda ake ja, sai sarƙa, wadda makanikai suka fi kira cen, ta zagaye su. Haƙoran na shiga ramukan gaɓoɓinta, shi ya sa ba ta zamewa kamar bel. Faifan biyu gefe guda suke juyawa, saɓanin giyar inji biyu da haƙoransu ke cizon juna ba tare da sarƙa ba.

Lissafin duka a yawan haƙora yake. Idan faifan fedar keke na da haƙora 48, na taya kuma 16, duk juyin feda ɗaya taya za ta juya sau 3. Gudu ya ƙaru ke nan, amma ƙafa ce za ta biya, domin ƙarfin ja ya ragu daidai gwargwado. A babur akasin haka ake yi: ƙarami a jikin inji, babba a taya.

Dabarar tsohuwa ce. Wani masani na ƙasar Sin mai suna Su Song ya zana irinta a littafinsa na 1092 kan hasumiyar agogon birnin Kaifeng. Sarƙar zamani kuwa wani injiniya mai suna Hans Renold ne ya yi rajistar ƙirarta a 1880, yana aiki a Manchesta ta Ingila. Kowace gaɓarta na da ƙusa a tsakiya, da ɗan bututu a kanta, da zobe mai juyawa wanda ke mirginawa kan haƙori maimakon ya goge shi. A keke, tsakanin ƙusa da ƙusa rabin inci ne, wato milimita 12.7. In da mai da tsabta, kusan kashi 98 cikin ɗari na ƙarfin na isa inda aka tura shi.

Akan ce sarƙa ta miƙe, alhali ƙarfen bai miƙe ba. Ƙura da rashin mai ne ke cinye ƙusoshin, gaɓoɓin su saki, tazarar ta ƙaru. Daga nan sai ta riƙa hawa can saman haƙora tana fiƙe su, har su lanƙwashe kamar ƙugiya. Sabuwar sarƙa a kan irin wannan faifai asarar kuɗi ce, tsalle za ta dinga yi ta lalace da wuri. Saboda haka ake sauya su tare.