Canja aikon a fuskar kwamfuta: ga amsoshin, don Allah a daina maimaita tambaya

Aikina gyaran kwamfuta ne a nan cikin Kano, kuma tun ranar da na sa wa foldodin kwamfutar shago hotuna masu launi, duk wanda ya leƙo sai ya tambaya. Ɗalibai daga BUK, masu buga takardu, har abokan sana'a daga Beirut Road da Farm Centre, tambayoyin iri ɗaya ne. Na tara su a nan.

Mene ne aikon ɗin ma?

Ɗan ƙaramin hoton da ke kan folda ko fayil ko manhaja, wanda kake dannawa ya buɗe. Shi ke nan.

Kuɗi ake biya?

A'a. Akwai su kyauta a IconArchive, Flaticon da Icons8. Datarka kawai za ka ƙona, ita ma ba yawa.

Na sauke wani tarin aikon, sai na ga ƙarshen sunansa .exe ne. In danna?

Kada ka danna. Wannan ita ce tambayar da ta fi ɓata mini rai, domin yawanci sai an riga an danna ake zuwa wurina. Aikon hoto ne, hoto kuwa ba ya buƙatar a girka shi kamar manhaja. Waɗancan masu .exe, masu alkawarin canja maka duka Windows a dannawa ɗaya, fayilolin cikin tsarin suke taɓawa, irin su imageres.dll da shell32.dll, inda Windows yake ajiye aikon ɗinsa na asali. Masu kyawun cikinsu ma sukan rikice da zarar Windows ya sabunta kansa. Munanan kuwa bairos ne aka yi wa ado. An taɓa kawo mini kwamfutar wani yaro ana saura kwana kaɗan ya miƙa aikin kammala karatunsa, baƙin allo kawai take nunawa, duk saboda yana son foldodinsa su zama ruwan gwal. Mun ceto fayilolinsa, amma sai da muka sake zuba Windows. Ƙanena, nemi wanda yake cikin zip, ka buɗe ka ga fayiloli masu ƙarewa da .ico. In .exe ka gani a ciki, goge.

Kuma ka kunna nuna ƙarshen sunan fayil a File Explorer, ƙarƙashin View. Bairos ɗin da ke yawo a filas ɗinmu yakan ɗauki hoton folda ya ɗora wa kansa. Wanda bai ganin .exe a ƙarshen suna, da hannunsa zai buɗe masa ƙofa.

To yaya ake canjawa?

Danna folda da ɓangaren dama na maus, shiga Properties, sai Customize, sai Change Icon, sai Browse, ka zaɓi aikon ɗinka, ka danna OK. In shotkot ne, wato mai 'yar kibiya a gindinsa, Change Icon yana ƙarƙashin Shortcut.

Na sauke hoton, amma da na danna Browse ban gan shi ba.

Saboda PNG ka sauke ko JPG. Windows .ico yake so a wannan wurin. Kuma canja ƙarshen sunan da hannu ba ya mayar da shi .ico, a daina yi. Buɗe shi a GIMP, manhajar gyaran hoto ce ta kyauta, ka fitar da shi a matsayin .ico. Ka tabbata akwai girman 256, wato ɗigon hoto 256 a tsawo da faɗi, a ciki, wanda Windows ya fara karɓa tun Windows Vista a 2007, in ba haka ba zai yi dishi-dishi idan ka ƙara girman aikon. Masu Mac, naku .icns ne.

Zai rage wa kwamfutata sauri?

Ba zai rage ba. Kwantar da hankalinki, Hajiya. In tana nauyi, matsalar tana wani wurin daban.

Na sa wa foldodin filas ɗina aikon, a gida suna nan, amma da na kai wurin buga takarda sai suka koma ruwan ɗorawa kamar da. Me ya faru, kuma yaya zan yi su zauna?

Yauwa, wannan ce tambaya mai ma'ana, kuma amsarta ba ta yankan wuƙa ba ce. Idan ka canja aikon, Windows ba ya liƙa hoton a jikin foldar. Wani ɓoyayyen fayil yake rubutawa a cikinta mai suna desktop.ini, ya sa adireshin inda hoton yake. In hoton yana Downloads na kwamfutarka, to kwamfutar shagon can ba ta da shi, sai ta koma wa aikon na asali. Ko da hoton yana cikin filas ɗin, za a iya samun matsala, domin a gidanka harafin da Windows ya ba filas ɗin E ne, a can kuma wataƙila F ne ko G, adireshin ya ɓata ke nan. Wannan dalilin ne ma ya sa wanda ya share Downloads yakan wayi gari aikon ɗinsa sun ɓace a kan kwamfutarsa ta gida.

Abin da nake yi shi ne: in kwafi .ico ɗin cikin foldar kanta, in canja aikon yadda na faɗa a sama, sannan in buɗe desktop.ini da Notepad. Ba za ka gan shi ba sai ka shiga Folder Options ka bari a nuna ɓoyayyun fayiloli har da na tsarin Windows. A layin da ya fara da IconResource, ka goge duk adireshin, ka bar sunan fayil kawai, kamar haka: IconResource=aiki.ico,0. Ka adana, ka mayar da ɓoyewar yadda take, kada ka bar ta a buɗe.

Yawanci wannan yana yi. Na ce yawanci. Windows ba ya kula desktop.ini sai foldar tana ɗauke da alamar tsarin Windows ko ta karantawa kawai, wato read-only, wadda shi da kansa yake sawa lokacin da ka canja aikon. Kwafi na yau da kullum yakan tafi da alamar, amma in ka matse foldar cikin zip, ko ka tura ta WhatsApp ko Google Drive, tana iya faɗuwa a hanya. Ana mayar da ita da umarnin attrib +r da sunan foldar a Command Prompt, wato tagar rubuta umarni ta Windows. Wani lokacin kuma komai daidai ne, tsohon hoton ne ya maƙale a ma'ajiyar aikon ta kwamfutar, sai an kashe an kunna. Sannan wasu manhajojin wanke filas da ake amfani da su a shaguna sukan share ɓoyayyun fayiloli ba tare da tambaya ba, kuma ban ga laifin mai shago ba, kare injinsa yake yi. In kuwa Mac ce ko waya, ba ruwansu da desktop.ini. Saboda haka ka gwada a kwamfuta biyu kafin ka yi wa foldodi hamsin.

Kwandon shara da This PC fa? Babu Customize a kansu.

Settings, Personalization, Themes, Desktop icon settings. Kwandon hotuna biyu yake da su, na cike da na wofi. Canja duka biyun.

Zan iya sa su a tallar shagona ko a manhajar da nake haɗawa?

Karanta lasisin tukuna, Malam. Kyauta don kwamfutarka daban, kyauta don kasuwanci daban. Flaticon da Icons8 sukan nemi ka ambaci mai aikin idan ba ka biya ba, a IconArchive kuma kowane tari da nasa sharaɗin. Wani ne ya zauna ya zana, haƙƙinsa ne. Aikon ɗin Material na Google suna ƙarƙashin lasisin Apache 2.0, su za ka iya sa su a kasuwanci.

Ban ji daɗinsu ba, ina son na da.

Koma Change Icon ɗin, danna Restore Defaults.

A ina zan ajiye su don kada su ɓace?

Buɗe folda guda a C ko D, sa mata suna Aikon, zuba su duka a ciki tun kafin ka fara canjawa. Kada ka matsar da ita, kada ka canja mata suna, kuma ka gaya wa yaran gida su bar ta.