Littattafan koyar da haila cikin harsuna biyu a Bauchi da Gombe

Littattafan koyar da haila cikin harsuna biyu ƙananan littattafai ne da takardun hotuna da ake tsara wa yara da iyayensu, inda ake jera bayanin jinin al'ada da Hausa da Turanci a shafi guda. A Bauchi da Gombe, Hausa ce ta zama harshen da ke haɗa Fulani da Tangale da Tera da Zar da Jarawa.

Asali

Koyar da wannan ilimi da harsuna biyu ya girmi makarantun boko. Tun zamanin masarautun Bauchi da Gombe da Yakubu da Buba Yero suka kafa a farkon ƙarni na 19, malamai kan karanta matani da Larabci su fassara wa ɗalibai da Hausa ko Fulatanci. Littafin Ahalari, wanda aka rubuta a wajajen ƙarni na 16, yana da fasali a kan haila, inda ya raba mata gida uku: mai farawa, da wadda ta saba, da mai ciki, ya kuma ce iyakar kwanakin mai farawa 15 ne. Risala ta Ibn Abi Zaid, malamin Ƙairawan na ƙarni na 10, ta kawo hukuncin wankan tsarki da bambancin haila da jinin cuta, Alƙur'ani kuma ya ambaci haila a aya ta 222 ta Suratul Baƙara. Da yake manufar karatun ibada ce, ya fi ba da ƙarfi ga salla da azumi, bayanin abin da ke faruwa a cikin mahaifa kuwa bai samu gurbi ba.

A fannin boko, a wajajen 2003 aka amince a Najeriya da manhajar ilimin rayuwar iyali da cutar ƙanjamau, wadda ta taɓo balaga. Ƙungiyar WASH United ta ƙasar Jamus ta ƙaddamar da ranar tsaftar haila ta duniya a 2014, ana kuma yin ta duk ranar 28 ga Mayu.

Tsari

Galibi akan fara da cewa haila kan zo wa yarinya tsakanin shekara 10 zuwa 16, tana ɗaukar kwana 2 zuwa 7, tana kuma dawowa bayan kwana 21 zuwa 35, kodayake a shekarun farko takan yi tsallake. Daga nan sai ciwon mara, da yadda ake sauya audugar mata, da wanke ƙunzugu da sabulu a shanya shi a rana maimakon a ɓoye shi a ɗaki da danshinsa. Zanen mace sanye da hijabi ko zane ya fi dacewa, saboda littafin da uwa ko goggo za ta ji kunyar buɗewa a gaban 'yarta, ajiye shi ake yi a ƙasan akwati. Rubutun ajami na taimaka wa matan da karatun Islamiyya kaɗai suka yi.

Saɓani

Ra'ayoyi sun bambanta a kan shekarun da ya kamata a fara koyarwar, da kuma ko ya dace a haɗa da yara maza.