Teshuba: Tuba da Sake Farawa a Tunanin Addinin Yahudawa

Teshuba kalma ce ta Ibrananci wadda malaman addinin Yahudawa ke amfani da ita wajen bayanin yadda mutum ke barin laifi ya sake gina rayuwarsa. Asalin ma'anarta komawa, domin ta fito ne daga tushen "shub", wanda ake faɗa wa matafiyin da ya juyo gida. Wannan tushe ɗan'uwa ne ga "tauba" ta Larabci, wadda daga gare ta Hausa ta samo "tuba", don haka kalmar ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe. A wannan tunani, mai sake farawa yana komawa ne kan hanyar da ya bari, kuma yana tafe da tarihinsa duka, mai daɗi da marar daɗi. Talmud, babban kundin muhawarar malaman Yahudawa, ya lissafa teshuba cikin abubuwa bakwai da aka halitta kafin duniya, wato an tanadi magani tun cutar ba ta zo ba.

Alluna na biyu

Labarin da aka fi jingina wannan tunani a kansa shi ne na Annabi Musa da allunan dutse. Bisa ga Attaura, da ya sauko daga Dutsen Sina'i ya tarar mutanensa suna bauta wa ɗan maraƙin zinariya, sai ya jefar da allunan suka farfashe. Daga baya aka umarce shi ya sassaƙa wasu biyu irin na farko ya sake hawa dutsen. A can ne aka sanar da shi siffofin rahamar Ubangiji, waɗanda malamai suka ƙidaya goma sha uku, kuma har yau ana maimaita su a addu'o'in neman gafara. Malaman Talmud sun ce gutsattsarin allunan farko ba a zubar da su ba, an ajiye su cikin Akwatin Alkawari, akwati mai tsarki na Bani Isra'ila, tare da sababbin. Wannan ɗan bayani yana da nauyi ƙwarai, domin ya nuna cewa abin da ya karye yana da gurbi a wuri mafi tsarki, kusa da abin da ya maye gurbinsa.

Kwanaki arba'in

Al'adar malamai ta ce wannan hawa na Annabi Musa ya fara ne ranar 1 ga watan Elul, ya ƙare ranar 10 ga watan Tishri, kwana arba'in ke nan, kuma su ne kakar tuba a kalandar Yahudawa. A cikin Elul, al'ummomi da yawa suna busa shofar, ƙahon rago, bayan addu'ar safe domin farkar da masu gafala. Ranar 1 ga Tishri ita ce Rosh Hashana, sabuwar shekara, wadda kan faɗo a Satumba ko farkon Oktoba. Talmud ya siffanta ta da ranar da ake buɗe littattafai uku: na salihai, na miyagu da na 'yan tsaka-tsaki, waɗanda ake jinkirta hukuncinsu kwana goma. Da ranar Rosh Hashana wasu kan je bakin ruwa su karanta ayar Annabi Mika da ke roƙon a jefa zunubai cikin zurfin teku. Kwanakin goma suna ƙarewa da Yom Kippur, ranar kaffara, inda ake azumin kusan sa'o'i 25 ba ci ba sha, a karanta labarin Annabi Yunusa da tuban mutanen Ninawa, sannan a rufe da addu'ar Ne'ila, wato kulle ƙofofi.

Sharuɗɗan tuba

Wanda ya fi kowa tsara hukunce-hukuncen teshuba shi ne Musa bin Maimun, haifaffen Kurɗuba ta Andalus, wanda ya rasu a Masar a shekarar 1204. A cikin kundinsa na shari'a, Mishne Tora, ya ware babi goma ga wannan batu. Ya ce wajibi ne mai laifi ya daina, ya yi nadama, ya furta laifinsa da baki, ya kuma ƙudurta ba zai koma ba. Wanda ya furta alhali bai yi niyyar dainawa ba, ya kwatanta shi da mai wankan tsarki riƙe da mushe a hannu. Cikakkiyar tuba a wurinsa ita ce mutum ya sake samun kansa a halin da ya yi laifin a da, da ƙarfinsa da damarsa, amma ya kame, ba don tsoro ko gajiyawa ba. Ya kuma ambaci sauya suna cikin hanyoyin tuba, kamar mutum yana cewa shi wani ne daban, ba wanda ya aikata waɗancan ayyuka ba.

Inda shari'ar ta fi tsanani shi ne haƙƙin mutane. Mishna, tsohon kundin dokoki da Talmud ya yi sharhi a kansa, ta yanke cewa Yom Kippur tana kankare abin da ke tsakanin mutum da Ubangijinsa, amma abin da ke tsakaninsa da ɗan'uwansa ba ya kankaruwa sai ya nemi yardar wanda ya zalunta. Dole ya mayar da dukiyar da ya ci, sannan ya roƙi gafara. Idan aka ƙi, ya koma da abokai uku, har sau uku, kuma daga nan laifin ya koma kan wanda ya ƙeƙashe zuciya. Idan wanda aka zalunta ya rasu, mai laifin zai tara mutum goma a bakin kabarinsa ya amsa laifinsa a gabansu, ya biya magada. Mishna ta kuma toshe ƙofar wayo: wanda ya ce zai yi zunubi ya tuba, ya sake yi ya tuba, ba za a ba shi damar tuba ba.

Darajar mai tuba

Al'umma ma tana da nata nauyin, domin haramun ne a ce wa wanda ya tuba ya tuna ayyukansa na da, kuma an lissafa hakan cikin cutarwa da harshe. Rabbi Abbahu, ɗaya daga cikin malaman Talmud, ya ce matsayin da masu tuba suke tsayawa, ko cikakkun salihai ba sa iya tsayawa a wurin. Wani malamin, Resh Lakish, ya wuce nan, inda ya ce tuban da ƙauna ta haifar yana mayar da laifuffukan ganganci su zama lada. Maganar ta fi ratsa zuciya idan aka san mai ita, domin Talmud ya nuna cewa ɗan fashi ne kafin Rabbi Yohanan ya jawo shi ga karatu ya aurar masa da ƙanwarsa. Haka kuma ana ba da labarin Rabbi Akiba, makiyayin da bai fara karatu ba sai da ya kai shekara 40, bayan ya ga yadda ruwa ya huda dutse.

Al'umma da zamani

Attaura ta shimfiɗa sake farawa har cikin tattalin arziki. Duk shekara ta bakwai ana barin gona ta huta, a kuma yafe basussuka, sannan a shekara ta hamsin, Yobel, bayi su sami 'yanci, gonakin gado su koma hannun masu su. Babbar jarrabawa ta zo a shekara ta 70 Miladiyya, lokacin da Rumawa suka rushe Haikalin Kudus, wurin da ake yanka hadayar kaffara. Rabbi Yohanan ben Zakkai ya tara almajirai a garin Yabne, ya koyar da cewa ayyukan jinƙai suna yin abin da hadaya take yi, yana kafa hujja da ayar Annabi Hosiya. Daga wannan makaranta addinin ya sake tsayawa a kan addu'a, karatu da sadaka.

A ƙarnonin baya, malaman Hasidanci, wani tafarkin ibada na Yahudawan gabashin Turai, sun sauko da batun daga ma'aunin shekara zuwa na yini, suna dogara da addu'ar safe da ke cewa Ubangiji yana sabunta aikin halitta kullum. Rabbi Nahman na Breslob, wanda ya rayu daga 1772 zuwa 1810 a ƙasar da yau ake kira Yukren, ya hana almajiransa yanke ƙauna ko da sun faɗi sau nawa, ya kuma gaya musu cewa shi kansa yakan sake farawa sau da dama a cikin yini ɗaya. Kabarinsa yana garin Uman, inda dubban mabiyansa ke taruwa duk Rosh Hashana.