Takalmin birkin tsere ba ya sa mota ta fi tsayawa a titi

An daɗe ana cewa idan ka sa takalmin birkin motar tsere, motarka za ta fi tsayawa ko'ina. Wannan magana tana damuna, domin tana iya jawo haɗari.

Shi takalmin tsere an haɗa shi ne ya yi aiki cikin zafi mai tsanani, inda faifan birki kan wuce digiri 500 a ma'aunin Celsius, kamar a zagayen filin tseren Nürburgring na Jamus mai tsawon kilomita 20.8. Da sanyin safiya, kafin ya ɗumama, kamunsa yana da rauni, ga ƙara, ga ƙura, kuma yana cinye faifai. Na titi kuwa yana kamawa tun daga takun farko, amma a filin tsere zafi ke sa ya saki.

Nisan da mota za ta yi kafin ta tsaya ma, taya ce ke ƙayyade shi. Da zarar ABS, wato tsarin da ke hana taya kullewa idan an taka birki, ya fara aiki, birkin ya riga ya fi ƙarfin tayar.

Mai shiga fili jefi-jefi gara ya ajiye saiti biyu ya riƙa musanyawa, ya kuma zuba sabon man birki DOT 4, wanda ba ya tafasa ƙasa da digiri 230.