Bakteriya: Ƙirarta da Rabe-rabenta

Bakteriya halitta ce mai rai wadda duk jikinta ƙwayar halitta ɗaya ce tal, ƙanƙanuwar da ba a ganinta sai da madubin ƙara girma na ɗakin gwaji. Yawancinsu tsawonsu daga rabin maikuromita ne zuwa biyar, maikuromita kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Da za a jera ƙwayoyin Escherichia coli (E. coli), wata bakteriya mai zama a hanji, guda 500 kai da gindi, milimita ɗaya kacal za su cika.

A bakin jama'a ƙwayoyin cuta ake ce musu, sunan kuwa ya zalunci mafi yawansu. Tsamin kokon da ake saya da ƙosai da sassafe a unguwannin Nima da Sabon Zango na Accra aikinsu ne: su ke cin zaƙin geron da aka jiƙa su mai da shi tsami. Haka kindirmo. Ita ma daddawa, Bacillus subtilis ce ke narkar da kalwa har ta yi wannan ƙamshi. Masu jawo ciwo kaɗan ne a cikin dangin. Kuma bakteriya daban, bairos daban, ƙwayar zazzaɓin cizon sauro daban, kowanne da maganinsa.

Wanda ya fara ganinsu shi ne Antonie van Leeuwenhoek, wani mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, a 1676, da madubin da ya wasa da hannunsa. Sunan bakteriya daga Girkanci ya fito, ma'anarsa 'yar sanda, saboda siffar wasu daga cikinsu.

Yadda jikinta yake

Abin da ya raba bakteriya da ƙwayar halittar mutum ko ta tsiro shi ne ba ta da ɗakin cibiya. Kayan gadonta, wato DNA, yawanci zare ne guda mai zagaye, a cukuikuye cikin ruwan jikinta ba tare da wani marufi ba. A cikin ruwan nan akwai dubban 'yan injuna masu haɗa furotin da ake kira raibozom. Nata sun fi na mutum ƙanƙanta kuma ƙirarsu ta bambanta, shi ya sa magani irin tetarasaikilin ke iya tsayar da nata ya bar namu. Tantani mai laushi ya lulluɓe duk wannan, shi ke tace abin da zai shiga da wanda zai fita.

A bayan tantanin akwai ganuwa, kuma duk wanda ya fahimci ganuwar nan ya fahimci rabin fannin. An gina ta da sinadarin peptidogilaikan, dogayen zaruruwan sukari da aka ɗaure da juna da gajerun igiyoyin furotin, kamar saƙar taru. Ruwan da ke cikin bakteriya ya fi na waje kauri, don haka kullum ruwa na kutsawa ciki. Ba don ganuwar ba da ta kumbura ta fashe. Nan ne sirrin fenisilin, wanda Alexander Fleming ya gano a 1928: yana hana ɗaura igiyoyin, sai ƙwayar ta girma da ganuwa mai rauni ta tarwatse. Jikin mutum ba shi da irin wannan ganuwa, saboda haka maganin ba shi da abin rushewa a jikinmu. Bairos ma ba shi da ita. Kafson da ake saya a kemis don murar bairos, ke nan, ba shi da abin da zai kama.

Sauran sassan ba kowace ke da su ba. Wasu na da bulala da ke juyawa kamar farfela tana tura su cikin ruwa. Wasu na da gajerun gasusuwa da suke maƙalewa da su a jikin hanji ko mafitsara. Wasu sun yafa riga mai yauƙi wadda ke sa su suɓuce wa fararen ƙwayoyin jini. Akwai kuma 'yan zobban DNA da ake kira filasmid, waɗanda bakteriya ke miƙa wa 'yar'uwarta, wani lokaci ma wadda ba jinsinsu ɗaya ba. Ta wannan hanya dabarar jure wa magani ke yaɗuwa. Dangin Bacillus da Clostridium kuwa, idan wuya ta yi wuya sai su dunƙule su zama iri mai taurin ɓawo, su yi shekaru a ƙasa, tafasa ta yau da kullum ba ta kashe su. Wannan ne dalilin da ya sa taka ƙusa a ƙasa mai ƙazanta, ko yanke cibiyar jariri da reza marar tsabta, ke jawo titanus.

Haihuwarsu ta hanyar rabuwa biyu ce. E. coli, in ta sami abinci da ɗumi, tana rabuwa duk minti 20. Ƙwayar tarin fuka sai ta yi awa 15 zuwa 20, abin da ya sa nomanta a ɗakin gwaji ke cin makonni.

Yadda ake rarraba su

Rabo mafi tsufa na siffa ne, wanda Bajamushe Ferdinand Cohn ya tsara a 1872. Akwai masu zagaye: Streptococcus a jere suke kamar carbi, Staphylococcus mai kawo maruru a cure take kamar nonon inabi, Neisseria meningitidis mai kawo sanƙarau a arewacin Ghana lokacin rani kuwa bibbiyu take zama. Akwai masu kama da sanda, irin Salmonella Typhi ta zazzaɓin taifot. Akwai lanƙwasassu kamar waƙafi, irin Vibrio cholerae, wadda ta kwantar da mutum fiye da 28,000 a Ghana a annobar amai da gudawa ta 2014, mafi yawansu a yankin Accra. Sai murɗaɗɗu, irin Treponema pallidum ta tunjere.

Rabon da ya fi amfani a asibiti shi ne na rini, wanda likitan Denmak Hans Christian Gram ya fito da shi a 1884. Ana shafa samfurin a gilashi, a zuba rini shunayya, a bi shi da aidin don ya kama, a wanke da barasar asibiti, sannan a zuba jan rini. Mai kaurin ganuwa tana riƙe shunayyar. Mai siririyar ganuwa tana sakinta ta ɗauki ja, ta fito ruwan hoda. A takardar sakamako ana rubuta sunan Gram da alamar tarawa ga masu riƙewa, da alamar ɗebewa ga masu saki. Duk wanda ya taɓa tsayawa a marina ya san yadi biyu na iya shiga ruwa ɗaya su fito daban, gwargwadon saƙarsu.

Bambancin ya wuce launi. Masu sakin rini suna da ƙarin tantani a bayan ganuwar, mai tare magunguna da dama, ciki har da fenisilin na asali ga yawancinsu. A jikin tantanin akwai kuma wata guba, wadda idan ta cika jini take kawo zazzaɓi mai zafi da faɗuwar ƙarfin jini. Saboda haka ma'aikacin ɗakin gwaji a asibiti irin Korle Bu na Accra, cikin 'yan mintuna, kan iya gaya wa likita ɓangaren da zai nufa tun kafin ƙwayar ta tsiro a faranti. Gwaji ne mai arha ƙwarai, kuma abin takaici ne yadda ake yawan tsallake shi a tafi kai tsaye wurin mai sayar da magani.

Akwai waɗanda rinin Gram bai iya da su. Dangin Mycobacterium ganuwarsu cike take da kakin da ke ƙin rini, sai an yi musu rinin Ziehl-Neelsen mai haɗawa da zafi. A cikinsu akwai ta tarin fuka da Robert Koch ya gano a 1882, da ta kuturta, da ta gyambon Buruli da ke addabar wasu ƙauyukan kudancin Ghana. Mycoplasma kuwa ba ta da ganuwa sam. Ana kuma raba bakteriya ta fuskar iska: masu buƙatar iskar oksijin, waɗanda take kashewa, da masu rayuwa ko da ita ko babu.

Rabon zamani ya koma kan gado. A 1977 Ba'amurke Carl Woese ya kwatanta wani sashe na raibozom a halittu daban-daban, ya gano cewa wasu da ake ɗauka bakteriya ne wani reshe ne na daban, wanda yanzu ake kira arkiya. Tun daga nan karatun DNA ke yanke hukuncin wa ke dangin wa, siffa kuwa ta zama shaida ta farko kawai.

Accra na da nata labarin a kan kuskuren dogaro da abin da ido ya gani kawai. Masanin Japan Hideyo Noguchi ya ga wata murɗaɗɗiyar bakteriya a jinin marasa lafiya a Ekwado a 1918, ya ɗauka ita ce ke kawo zazzaɓin shawara. Ya zo Accra ya ci gaba da binciken, ciwon ya kama shi, ya rasu a nan a watan Mayun 1928. Shawara ta bairos ce. Ƙwayar da ya gani ta wani ciwo ce mai kama da ita. Cibiyar binciken lafiya da aka buɗe a Jami'ar Ghana da ke Legon a 1979 sunansa take ɗauke da shi.